Injin faskare a Legas: wanne ya dace da itacenmu da hannayen yaranmu?

Duk mai harkar itacen girki a Legas ya san yadda kasuwa ta juya tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kuɗin mota ya tashi, gas ya bi sahu, kalanzir dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Masu abincin sayarwa da suka koma gas sai ga su sun dawo murhu, ga masu gidajen burodi, ga masu tsire da balangu da ba su taɓa rabuwa da ice ba. A filin da nake sayar da itace a Agege, 'yan faskare uku nake da su, kuma suka kasa cika wa mutane buƙata. Babbansu dattijo ne daga ƙasar Sakkwato, Baba muke ce masa. Wata la'asar ya jingine gatari a gungume, ya share gumi da gefen hula, ya ce, "Ɗana, kafaɗar nan ta fara yi mini gardama. Ka nemo injin nan da ake faɗa, kafin in zame maka kaya." Na ce, "Baba, ba za ka zama kaya ba, amma injin za a nema."

Na yi watanni ina zagaye, ina kallon na mutane, ina tambayar masu walda da makanikai. Abin da na fito da shi guda ɗaya ne: kafin ka tambayi saurin inji, ka tambayi inda hannun mutum yake a lokacin da itacen ke tsagewa, da kuma ko injin zai tsaya cak idan aka sake shi. Da wannan ma'aunin na auna duk waɗanda na gani.

Sai dai kafin inji, a fara duba itacen. Yawancin bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok daga Turai da Amurka suke, inda itacensu ke da jijiya miƙaƙƙiya, ana taɓa shi ya dare gida biyu kamar rake. Namu iri biyu ne. Akwai ragowar katako daga wuraren yankan katako, irin su Oko Baba da ke Ebute Metta, wanda a da ake hango gumagumansa a kan ruwa daga gadar Third Mainland, kuma gwamnatin jihar ta gina wa masu sana'ar sabon matsuguni a Agbowa-Ikosi. Wannan ba shi da wahalar tsagawa sosai. Sai kuma wanda manyan motoci ke kawowa daga jihar Ogun da wajen Epe da Ikorodu: mangwaro, kanju, malaina, itacen roba, da kututturan iroko da madaci. Iroko da madaci jijiyarsu a sarƙe take kamar kitso, wata ta yi dama wata ta yi hagu, shi ya sa gatari ke shiga ya maƙale. Mangwaro kuma ga yawan gaɓa da rassa. Injin da ya yi bajinta a bidiyo yana iya zuwa nan ya ji kunya a gungumen farko.

Wanda mai walda zai fara yi maka tayinsa shi ne mai katantanwa. Ƙarfe ne mai tsini, gindinsa da faɗi, an yi masa zare irin na sukuru, ana ɗaura shi a kan sandar ƙarfe mai boris biyu, injin markaɗe ko na lantarki ya riƙa juya shi da bel. Ka tura gungume ya taɓa tsinin, zaren ya kama shi ya ja shi ciki, faɗin ƙarfen ya buɗa shi. Ya fi kowanne araha, kayansa kaɗan ne, kuma gaskiya yana tsaga itace mai taurin kai. Matsalar ita ce da zarar zaren ya kama, magana ta fita daga hannunka. Ba shi da giyar baya. Idan itacen ya ƙi tsagewa, sai ya bi ƙarfen yana juyawa kamar fanka, ya doki wuyan hannu ko muƙamuƙi. Zaren kuma bai san bambancin ice da safar hannu ba.

Na ga wannan da idona a wani fili a kan hanyar Ikorodu, da damina. Yaron da ke tura itace yana sanye da rigar sanyi mai dogon hannu. Bakin hannun rigar ne kawai ya taɓa tsinin. Maigidan ya ruga ya kashe injin, amma ƙarfen bai tsaya nan take ba, sai da ya ƙara zagaye, kuma kafin nan hannun ya karye wuri biyu. Har yau ina jin ƙarar da yaron ya yi. Mu da muke aiki da kaftani da doguwar riga, wani da rawani a wuya saboda ƙura, wannan injin ba namu ba ne. Ko kyauta aka ba ni ba zan kafa shi a filina ba, kuma ina roƙon duk mai karatu kada ya sa ɗan wani a gabansa.

Haka nan wancan da ake walda bakin gatari a jikin ƙaton faifan ƙarfe, yana zagayowa yana sara, mutum na tura itace da hannu tsakanin sara da sara. Shi ba ya jiran kowa. Ranar da gajiya ta sa hannu ya yi jinkirin ƙiftawar ido, shi ke nan. Wannan bai cancanci a tsaya auna shi da sauran ba.

Gasar gaskiya tsakanin biyu take: mai faifai da mai haidirolik.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa na Lista ya san ƙaton faifan nan mai nauyi da ke ci gaba da juyawa ko an kashe inji. Da shi mai faifai ke aiki. Ƙaramin inji ne ke juya faifai ɗaya ko biyu, su tara ƙarfi. Idan ka ɗaga hannun injin, wata sandar ƙarfe mai haƙora ta haɗu da ƙaramar giya, sai ta harba gaba ta tura itacen kan wata wuƙa da ke kafe, sifirin ya dawo da ita. Tafiya da dawowa daƙiƙa 2 zuwa 3 ne. Ba man haidirolik, ba tiyo, ba yoyo, fetur kaɗan yake sha. A kan ragowar katako da malaina miƙaƙƙiya, babu mai kamo shi.

Amma ƙarfinsa na bugu ɗaya ne. Idan ya ci karo da gaɓar mangwaro, faifan ya rage gudu, sandar ta tsaya, sai ka jira ya sake tara ƙarfi ka sake bugawa, sau biyu, sau uku. Kowane bugu a haƙoran giya yake ƙarewa, kuma ran da suka ɓalle, ba kayan da za ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ka ɗauko ba ne, sai an sassaƙa maka ko an yo odarsu daga waje. Sandar a buɗe take, garin katako da yashi na shiga haƙoranta, iskar Legas mai gishiri kuma ba ta raga wa ƙarfe. Sannan saurin nan da ake yabo shi ne hatsarinsa: kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa hannu janye, sandar ta kai ta dawo. Wani abin da na lura da shi bayan na tsaya na kalli ana aiki da shi: babu mutumin da zai iya ɗaga gungume, ya daidaita shi, ya kwashe tsagaggen, duk cikin daƙiƙa 3. Injin ne ke jiran mutum. Idan itacenka gajere ne mai sauƙi, kana ɗaure shi ƙananan dami don gidaje, kuma kai da kanka za ka riƙa aiki da shi, zai biya ka. Idan gumaguman daji kake saye, ka wuce.

Mai haidirolik kuwa ɗan'uwan jak ɗin mota ne da hannun katafila. Inji na juya famfo, famfo na tura mai ta tiyo zuwa silinda, fistin ya fito a hankali ya danna itacen a kan wuƙa. Ba bugu yake yi ba, matsa yake yi, kuma matsar ba ta raguwa don ya haɗu da gaɓa. Inda jijiyar ta ƙi rabuwa sai ya yanke ta. Babban abin da ya fifita shi a wurina shi ne idan ka saki hannun bawul, fistin ya tsaya inda yake. Idan ka ja baya, ya koma. Shi kaɗai ne a cikinsu yake jin magana a tsakiyar aiki.

A nan ya kamata mai saye ya san ɗan lissafi, don 'yan kasuwa na rubuta tan 30 ko 35 a jikin inji da fenti. Ƙarfin turawa shi ne matsin mai sau faɗin fuskar fistin. Silinda mai faɗin inci 4, wato kimanin santimita 10, a matsin bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), tana ba da kusan tan 16. Mai inci 5 a wannan matsin tana kai tan 25. Saboda haka ka auna silindar da kanka, kada ka tsaya ga fenti. Kuma babba ba kullum ya fi ba. Silinda mai inci 4 da tsawon santimita 60 tana cin mai kusan lita 5 kafin ta gama fita. Da famfo mai tura lita 40 a minti, fitar za ta ɗauki daƙiƙa 7, komawa 5 ko 6, jimla wajen 13. Mai inci 5 tana cin lita 7 da rabi, don haka tafiyarta ta fi jinkiri da fiye da rabi a kan famfo iri ɗaya. Ga yawancin itacen da ke shigowa Legas, tan 16 zuwa 20 ya wadatar. Sai mai sayen manyan kututturan iroko ne zai buƙaci fiye da haka.

Famfon ma a kula. Idan famfo mai hawa ɗaya ne, tura lita 40 a matsin bar 200 na buƙatar inji mai ƙarfin doki wajen 18. Amma akwai famfo mai hawa biyu, wanda aka yi shi don wannan aikin: idan babu nauyi yana tura mai da yawa a ƙaramin matsi, fistin ya yi sauri, da ya taɓa itace sai ya sauya da kansa, ya tura kaɗan a babban matsi. Da shi, inji mai doki 6.5, irin na famfon ban-ruwa da kowane makanikin janareta ya san cikinsa, ya isa. Wannan famfon shi ne abin da ya cancanci ka kashe wa kuɗi. Wani mai walda ya ce zai haɗa mini da famfon sitiyarin mota da silindar tifa da ya samo a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin. Na ce, "Oga, tifa da me take sauka?" Ya yi shiru. Nauyin bodi ne ke mayar da silindar tifa. Idan ka kwantar da ita a kan inji, za ta fita ta ƙi komawa. Wadda ake nema ita ce mai tiyo biyu, mai na tura ta gaba yana kuma dawo da ita, irin ta hannun katafila. Famfon sitiyari kuwa matsinsa kusan rabin abin da ake buƙata ne, man da yake turawa ma kaɗan ne.

Jinkirinsa bai sa ya zama marar hatsari ba. Tan 16 ba ya jin yatsa ko kaɗan. Kuma hanyar da aka fi rasa yatsu a kansa ita ce ainihin yadda muka saba aiki: maigida a kan bawul, yaro na ɗora itace. Yaro bai gama cire hannu ba, maigida ya juya yana amsa gaisuwar mai saye, ya ja. Shi ya sa ƙa'idar ƙasashen Turai mai lamba EN 609-1 ta wajabta wa irin wannan injin hannu biyu: sai mutum ɗaya ya riƙe maɗanni biyu lokaci guda fistin zai motsa, ya saki ɗaya ya tsaya. Hannun da ke kan maɗanni ba ya kan itace. Yawancin injinan Amurka hannu ɗaya gare su, don haka idan za a ƙera maka a nan, ka nace a yi maka na biyu, a raba su yadda hannu ɗaya ko gwiwa ba za su danna duka ba. Na san abin da zai biyo baya, domin a filina ya faru: kwana uku da kafa injin na tarar an ɗaure maɗanni ɗaya da robar tayar babur don aiki ya yi sauri. Na kwance ta a gabansu, na gaya musu labarin yaron Ikorodu, na ce duk wanda ya sake ɗaurawa ya bar mini fili. Wannan ba a yi masa sassauci.

Sauran abubuwan da zan ce a sa wa mai ƙerawa ido a kai: gadon injin ya kai tsayin ƙugu don kada baya ya mutu, a yi masa hannuwa hagu da dama da za su tare itace kada ya faɗo kan ƙafa, a rufe bel da mahaɗin famfo da ragar ƙarfe, salansa ta kalli nesa da mai aiki da garin katako. Komawar fistin tana iya zama da kanta, amma fitarsa kada ta taɓa zama haka. A sa bawul mai sakin matsi idan ya wuce kima, a kuma sayi tiyo wanda aka rubuta matsinsa a jiki. Tankin mai ya zama babba, domin a zafin Legas ƙaramin tanki na tafasa mai, kuma idan zafinsa ya haura digiri 80 robobin silinda sun fara lalacewa. Itace kuma a gefe ake riƙe shi lokacin ɗorawa, ba a kai da gindi ba, kuma ba a cusa yatsa cikin tsaga, domin ɗanyen ice na komawa ya rufe.

Akwai wani hatsari da kusan ba wanda ya sani a cikinmu. Idan tiyo ya yi huji ƙanƙane kamar na allura, man da ke fita yana iya huda fata ya shiga cikin nama. Da farko kamar cizon ƙwaro ne, bayan awanni hannu ya kumbura, naman ya fara mutuwa. Kada a nemi yoyo da tafin hannu. A kashe inji, ko a kara kwali daga nesa. Wanda abin ya sama kada ya tsaya a kemis, a wuce da shi babban asibiti irin na ƙashi da ke Igbobi ko LUTH a Idi-Araba a ranar, a gaya wa likita man haidirolik ne ya shiga, domin aikin tiyata ne.

Kwance ko tsaye? Wannan masu sayenka ne za su faɗa maka. Mai tsire da mai abinci gajeren ice suke so, na kwance mai santimita 60 ya yi musu. Gidan burodi dogo yake so, wajen mita guda, kuma ɗaga irin wannan gungumen zuwa gado shi ne ke karya baya. A nan na tsaye ya fi, wanda ake mirgino gungume a miƙar da shi a ƙasa wuƙa ta sauko daga sama. Akwai masu yin duka biyun, a kwantar a tayar, kuma idan kuɗi ya kai su zan zaɓa.

Batun wuta ko fetur kuwa unguwarka ce ke yanke hukunci. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A zuwa naira 225 kowane yunit, da alƙawarin awa 20 a rana. Duk da tsadar, injin lantarki mai kilowat 2.2 bai wuce yunit 2 da ɗan kai a awa ba, alhali na fetur na shan lita 1 zuwa 2. Idan kana da wuta tsayayya, lantarki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga shiru, ga ba hayaƙi. Amma filayen itace galibi ba a irin waɗannan layukan suke ba, kuma ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba, domin lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa. Ƙananan nan na gida masu tan 5 zuwa 7 da ake gani a kasuwa an yi su ne don itacen da kaurinsa bai wuce santimita 25 ba. Ga mai tsire ɗaya sun isa, ga mai fili wasa ne. Idan kuma na hannu ne daga Amurka, a duba farantin jikinsa: wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

Ba kowa ne ma ke buƙatar inji ba. Wanda abin da yake tsagawa a rana bai wuce na tukunyarsa ko tukubarsa ba, ya gyara aikin gatarinsa ya fi masa. A kafa tsohuwar taya a kan faffaɗan kututture, a jera itacen a ciki a tsaye: ba mai riƙewa da hannu, ba ya tsalle, ba a sunkuyawa ɗauko shi bayan kowane sara. Don ƙananan tsinke na hura wuta, wata yarinya 'yar shekara 13 a Niyu Zilan, Ayla Hutchinson, ta ƙirƙiro abu mai sauƙi bayan mahaifiyarta ta sare yatsa: wuƙa a kafe tana kallon sama a cikin zoben ƙarfe, a sa itace a zoben a doke shi da guduma. Kaifin ba ya motsi, itacen ne ke zuwa wurinsa. Ana sayar da shi da sunan Kindling Cracker, kuma duk matar da ke tsaga ice da adda a bakin murhu ta cancanci irinsa.

Ko da wane inji, tsagawa da wuri ita ce rabin ribar. Ɗanyen ice kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ba ya kuma ci da kyau sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Gungumen da ɓawonsa ke jiki zai yi watanni yana riƙe da ruwa, musamman a Yuni da Yuli da sama ba ta ɗagawa a nan. A tsaga da rani, a jera a kan katako sama da ƙasa, a rufe samansa kawai a bar gefe iska ta ratsa.

Ni dai na tsaya a kan mai haidirolik: silinda inci 4, famfo mai hawa biyu, injin fetur mai doki 6.5, maɗanni biyu. Baba ne ke riƙe da shi yanzu, shi ke ɗora itacen shi ke dannawa, yaran kuma na mirgino gumaguma su ajiye a bayan wani layi da muka ja da fenti a ƙasa, ba sa ƙetarewa sai fistin ya koma. Ranar da za ka je gwada naka, ko a kanti ko a wurin mai walda, kada ka yarda da itacen da suka tanada. Ka ɗauki gaɓar mangwaro mafi gardama a filinka ka tafi da ita, kuma idan fistin ya kai tsakiyar tafiya, ka saki hannu ɗaya ka ga ko zai tsaya.